Da Muka Je Dubiyar Mota

A shekarun nan da damina ta yi ta yi mana rowa, har mata suka koma sake tankaɗe dusa ko za a samu abin dama kunu, a lokacin ne babban ɗana ya sayi sabuwar mota. Ni ban ce lokacin ya dace ba. Shi dai wake yake saye a ƙauyuka yana kaiwa kasuwar Dawanau, Allah kuma ya buɗa masa. Mota ce fil daga kamfani, shuɗiya kamar an tsamo ta daga marina, kujerunta duk a cikin leda. Kafin ita, ba motar da ke kwana a ƙauyenmu. Akori-kurar masu sayen gyaɗa ce kan shigo, ta yi lodi ta fice.

Ɗan fari ne, saboda haka ba na kama sunansa, ba na zama hira da shi, balle in tambaye shi yadda harkarsa take. In ya durƙusa gaishe ni, sai in kau da kai in amsa a taƙaice. Haka muka taso muka tarar, kuma ni ba a taɓa kama ni da rashin kara ba. Amma ai ba wanda ya ce a yi wa mota kara. Ba ni na haife ta ba. Sai na kwashe duk yabon da ba ni da ikon yi masa na juye a kanta.

Bakina kuwa ba ya gajiya, duk garin an sani. In na je kasuwar Minjibir na tarar ana faɗa a kan akuya, kafin in iso gida ta zama saniya, har da ɗan maraƙinta. Mata suna son abin. Da yamma sukan taru a tsakar gidana ana ɓarar gyaɗa, ina zuba, suna dariya suna cewa in ji tsoron Allah. To da motar nan ta zo, labarin duniya ya ƙare mini sai nata. Yadda kujera take lotsawa in ka zauna. Yadda ƙofa take rufuwa ba ƙara. Yadda rediyo yake magana daga cikin cikinta. Sannu a hankali tabarmata ta fara yin fili. Yau wannan tana da aiki, gobe waccan kanta na ciwo. Na ce hassada ce. Ban tsaya na yi tunanin cewa macen da ta kwantar da 'ya'yanta da kunun dusa ba ta da kunnen jin taushin kujera ba.

Ni na fara ganin abin, domin ni ce kullum nake kewaya ta da safe kamar mai duba gona. A ƙofar direba wasu ƙuraje suka fito, ƙanana kamar ƙyanda. Kwana kaɗan suka hau rufin. Daga nan suka yi bororo suka fara fashewa, fentin yana ɗagowa kamar ɓawon gyaɗar da aka soya, ƙarƙashinsa fari-fari ba kyan gani. Na tofa mata addu'a, na sa aka lulluɓe ta da tsohon bargo. Ba ta ji ba.

Tun da ba zan tambayi mai ita ba, wajen matarsa nake jin komai. Ita ta gaya mini ya koma wurin dillalan da suka sayar masa a birni. Da fari suka ce kashin tsuntsu ne. Ya ce tsuntsun garinmu ba ya kashi a gefen ƙofa. Suka ce to da toka muke wanke ta, wai ai mutanen ƙauye ne. Da ya ƙi tafiya, ya zauna musu a ofis, sai babbansu ya fito ya duba, ya yarda cewa laifin daga kamfani ne, ya ce a kawo ta su sake fentin ba tare da ya biya komai ba. Ya kai ta, ya dawo gida a bas kamar kowa.

Aka ce ya dawo jibi. Jibi ta zo, aka ce fentin bai iso ba. A shekarun nan sabulu ma sai an yi layi, balle fentin mota. Ya yi ta zarya har ya gaji, lokacin wake kuma ya kama, ya tafi ƙauyukan gabas saye. Wurin da motar take tsayawa a ƙofar gida kaji suka mayar da shi wurin birgima.

Taubashiyata ce ta kawo mini abin da gari yake faɗa. Mai daddawa ce, ba gidan da ba ta shiga, kuma tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba. Ta sauke ƙwaryarta ta dubi waje.

"Ke baiwata, ina shuɗiyar taku? Ko mai ita ya zo ya karɓi abarsa?"

Na ce, "Wane mai ita? Gyaran fenti aka kai ta."

"Sabuwar?"

"Sabuwar."

"Ikon Allah. Mu dai a saninmu tsoho ake kaiwa gyara. Wasu sun ce aro ce, wasu sun ce banki ya ƙwace. Ni na ce musu ku bari in tambayi uwar labari, ita za ta ba mu wanda ya fi daɗi."

Na rantse mata. Ta yi dariya har tana share hawaye, ta ce rantsuwar ma na iya jera ta. Wannan shi ya ƙona mini rai. Shekara da shekaru ina ƙara wa zance gishiri ana haɗiyewa, yau na kawo shi tsurarsa, ko barkono ban sa ba, an ce ƙarya ce. Kuma ba ni da bakin da zan ce wa yaron nan ya fito ya yi wa mutane bayani. Idan aka bar maganar haka, shi an mai da shi mai aron mota, ni kuma maganata ba za ta ƙara tsayawa a garin ba.

Sai na yi abin da ake yi in an yi gardamar iyakar gona: a ɗauki mutane a je a gani da ido. Na zaɓi matar liman, mace mai ƙarancin magana, wadda in ta ce ta ga abu ba mai ƙara tambaya. Na haɗa da taubashiyar tawa, don abin da idonta ya gani kafin magariba ya gama gari. Akwai wata 'yar uwarmu da ke kwance a asibitin birni, na ce mu je dubiya. Surukata ta kwatanta mini unguwar dillalan, ba ta san abin da nake ƙullawa ba. Na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi. Allah ya yafe mini, marar lafiyar nan ko zama sosai ban bari mun yi a wurinta ba.

Gaban wurin ya yi mini yadda nake so. Gilashi tun daga ƙasa har sama, motoci a jere suna ɗaukar ido. Na ga taubashiyata ta gyara mayafi ta rage murya, na ji daɗi har cikin raina. Wani mutum mai ɗamarar wuya ya tare mu da ladabi. Na ce masa ni ce mahaifiyar mai waken nan, mai shuɗiyar mota, mun zo mu gan ta.

Ya ɗan sosa ƙeya. "Hajiya, da kun bari an gama. Yanzu ba ta kintsa ba."

Na ce, "Ɗan nan, daga nesa muke. Ko a yaya take, tamu ce."

Ya ce to, ya bi da mu ta wata ƙaramar ƙofa zuwa baya.

Da a ce bai nuna da hannu ba, da na wuce ta. An cire ƙofar direba an jingine ta a bango. An ciro fitilun, ramukan suna kallonmu. Gilasan duk an manne su da tsofaffin jaridu. Jikin kuwa an kankare shi, nan fari, nan toka-toka, nan an shafa wani abu kamar ƙullu, sai ɗan shuɗi-shuɗi da ya rage can wajen baya. Kamar jakin da ƙazuwa ta gama da shi. Na yi sauri na leƙa ciki don in nuna musu ledar kujeru, na tarar kujerun gaban ma an fitar da su.

Matar liman ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi dai lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Wa?"

"Mai motar."

"Yana gabas yana sayen wake. Malama, ba abin da kike zato ba ne."

Mai fentin ya sauke ƙyallen da ya ɗaure hancinsa da shi ya matso. Mutumin kirki ne, ya so ya taimake ni. Ya ce, "Hajiya, ba haɗari ba ne. Tun a kamfani ba a goge ƙarfen da kyau ba kafin a fesa, shi ya sa bai kama ba. Dole sai an kankare na da, sannan sabon ya zauna."

Matar liman ta dube shi da tausayi ta gyaɗa kai. "Allah ya yi maka albarka. Ka iya rufa wa mutane asiri."

Na juya wajen taubashiyata, ina jiran ta fashe da dariya in samu abin kamawa mu yi faɗa. Ba ta yi ba.

A cikin bas muna komawa ta ɓantaro goro ta danƙa mini a hannu, ta riƙe hannun ba ta saki ba.

"Da kin gaya mini tun farko, wallahi da ban tsokane ki ba."

"In gaya miki me? Fenti ne!"

"Na sani, na sani. Ɗan fari ne. Ɗanki ya tsallake rijiya irin wannan, kin haɗiye abin ke kaɗai, ko a fuska ba ki nuna ba. Irinku sun ƙare, Yaya."

Ba ta taɓa ce mini Yaya ba, ko da yake na girme ta. Matar liman ta ce tabbas, irin karar mutanen da ke nan. An yabe ni da abin da na fi son a yabe ni da shi, a kan abin da bai faru ba.

Washegari tun ban gama share tsakar gida ba aka fara sallama. Jaje. Matan da suka yi watanni ba su taka gidana ba, ga su nan ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗan abin da ta ƙulle a bakin mayafi. Wannan garin kuka, waccan ɗan kanwa. Wata tsohuwa da na san gidanta ba a ɗora tukunya kullum ta ajiye mini ƙwan zabi biyu, ta ce a ba shi ya sha don tsoron da ya ji. Na yi wa ta farko bayani tiryan-tiryan, tun daga ƙurajen har kashin tsuntsu. Ta ce, "Allah sarki, har yanzu ɓoyewa take." Na yi wa ta biyu, ta ce Allah ya kiyaye gaba. Na fara yi wa ta uku, sai na ɗaga kai na ga tabarmata ta cika har an aika a aro ta maƙwabta, ana ta hira, wata ma ta jawo ƙwaryar gyaɗata ta fara ɓara ba wanda ya sa ta. Da ta gaba ta ce Allah ya tsare, na ce amin. Daga nan ban ƙara cewa komai ba sai amin, har la'asar.

Ƙarya dai ban yi ba, wannan ina nan a kai. Da aka tambaye ni a wace hanya abin ya faru, cewa na yi ni ba na wurin.

Da yaron nan ya dawo daga gabas, tun daga bakin masallaci maza suke miƙa masa hannu suna barka da arziki. Ya yi musun har ya gaji. Matarsa ta ce ya tambaye ta wa ya kai mutane gareji, ta ce masa ya je ya tambayi Inna. Bai zo ba. Shi ma ya san abin da ya dace.

Motar ta dawo bayan an gama girbi, tana sheƙi. Sai dai ƙofar nan da aka fesa ita kaɗai a jikin bango ta fi sauran jikin haske kaɗan. A inuwa ba ka gani, amma da rana ta buge ta, ko yaro zai nuna. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya shafa ta ya ce, "Nan ne wurin, ko? Kai, Allah ya yi gyaɗar dogo." Ran mai ita ya ɓaci. Surukata ta shigo ɗakina ta ce ya rantse gobe zai mayar musu, sai sun daidaita launin ko za ta shekara a can.

Na ce ta je ta gaya masa, in ji ni, ya bar ta haka. Ta yi mamaki, domin ban taɓa aika masa da magana a kan harkarsa ba. Ta ce, "Inna, ai hakkinsa ne, su suka ɓata."

Na ce, "Na sani. Amma wancan karon da ta tafi jaje aka zo mini. In ta sake barin ƙofar gidan nan, ta'aziyya za a zo."

Bai mayar ba. Haka ya yi ta hawanta da ƙofarta mai haske har ta tsufa a hannunsa.