Tsimin Yaya Mamudu

Ku da kuka zauna da Yaya Mamudu a shekararsa ta ƙarshe kun san ba ya magana hannu sake. Kullum da 'yar kwalba a tafinsa, yana girgiza ta kusa da kunne, kai ka ce wani abu take gaya masa. Ka gaishe shi, sai ya girgiza tukuna ya amsa. A wajen zaman makoki an yi ta ba da labarin kwalaben nan ana dariya. Ni ma na yi dariyar, amma fushi nake da shi, kuma yau sai na faɗi dalili.

Mijin yayata Binta ne, mutumin Kumasi, direban bas a Birmingham tun ina firamare a Kano. Da na zo karatu Manchester, gidansu na Handsworth ya zama gidana na hutu. Bai taɓa kirana da sunana ba sai Farfesa, kuma Hausarsu ta Zango ba ta san mace ba, kowa "kai" ne, kowa "shi" ne, har ni da yayata. Na yi gyara har na gaji.

Taba ce ta cinye masa ƙirji. A ƙarshen 2008 likita ya zaunar da shi gaban Yaya Binta ya ce ko ya bari, ko huhun ya gaza. Yaya Binta ta yi kuka, shi ya yi rantsuwa, ya yo odar sigarin lantarkin nan da ya fara shigowa lokacin, wanda ake ɗura wa ruwa a zuƙi tururi. Muka yi hamdala. Ba a je ko'ina ba ya ce ruwan da ake sayarwa ɗanɗanon sabulun wanki ne da shi, nasa zai haɗa. Ya haɗa da kanumfari da ƙamshin lemo, ya jera kwalabe a kabad ɗin tawul, kusa da tukunyar ruwan zafi, ya rufe.

"Ba za ka sha ba?" in ji Yaya Binta.

"Bai tsumu ba. Kai in ka dafa kalwa yau, yau kake cin daddawa?"

Tawul ɗin gidan gaba ɗaya ya koma ƙamshin kanumfari. Har malamar 'yarsu Zainab ta tambaye ta ko ciwon haƙori take yi.

Sai ranar wani suna a unguwar Ladywood. Kicin cike da matan Kano ana rabon abinci, ya zo bakin ƙofa yana girgiza kwalba, ya ɗaga murya.

"Farfesa, tsimina na wannan karon ya yi ƙarfi. Ni da kaina na haɗa. Binta ma ya ce bai taɓa jin irinsa ba."

Matan suka dubi juna. Kun dai san abin da matanmu ke nufi da tsimi. Abin ɗaki ne, ba a ambatonsa gaban maza, balle namiji da gemunsa ya ce shi ke haɗawa. Yaya Binta ta rasa inda za ta sa fuskarta. Kafin a watse wata Hajiya ta ja ta gefe, ta ce don Allah a sam mata kwalba ɗaya. A mota na yi masa bayani, ko a jikinsa.

"A Kumasi tsimi magani ne. Ku Kanawa kuka lalata kalma." Da muka wuce danja sai ya ce, "Amma Hajiyan nan, ku gaya masa ba a sha, zuƙa ake yi."

Daga nan ya yanke hukunci cewa iskar Birmingham ta bushe da yawa, damshin Manchester ne zai yi wa ruwan kyau. Ya hau mota takanas ya kawo mini jaka guda ta kwalabe ɗakina na Hulme, ya kwashe mini taliya daga kabad ya jera su. Kullum da safe sai waya.

"Farfesa, ka girgiza su kafin ka tafi uni?"

"Yaya Mamudu, ina da deadline, yau zan miƙa aikin makaranta."

"Deadline zai jira. Ka girgiza, ka buɗe su sha iska, ka rufe."

Kuma ina girgizawa, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Ina gani ruwan yana yin duhu, ina murna, wai ina taya yayata ceton mijinta.

Da ya dawo duba su, ya haɗa wani sabo a kicin ɗina. Yana alwala na musanya sabon da wanda ya fi daɗewa a kabad. Ya fito ya ɗauko wanda yake zaton tsohon ne, ya ɗura, ya zuƙa, ya lumshe ido.

"Ka ji? Wannan ya natsu. Ya yi hankali. Kaɗan ya rage masa."

"Wanda ka haɗa ɗazu ne."

Ya dubi kwalbar, ya dube ni. "To ka ga aikin Manchester ke nan."

A ranar ne da la'asar na fita zubar da shara, na same shi a bayan gininmu, tsakanin kwandunan shara, da taba ta gaske a bakinsa, yana tari yana dafe bango.

"Mene ne wannan, Yaya Mamudu?"

"Ta jira ce. Kafin ya tsumu sai mutum ya zauna haka nan?"

Nan na gane. Duk kwalbar da lokacinta ya yi sai ya ce da saura, ko ya haɗa wata ya koma farko. Tsimin nan hanya ce ya samo ta ci gaba da shan tabarsa, mu kuma muna ta girgiza masa kwalba. Na manta da girmansa, na wanke shi tas. Na ce likita ya gaya maka, matarka ta yi kuka, ka yi rantsuwa da Allah. Ya ce in rufa masa asiri. A gabansa na buga wa Yaya Binta.

"Na sani," in ji ta. "Ni ke wanke rigunansa."

"Kika yi shiru?"

"In na yi magana zai daina ɓoyewa, ya sha a falo. Yanzu ko ba komai sai ya fita waje, sanyi yakan koro shi kafin ya kunna ta biyu."

Masu tambayata har yau ko ajiye ruwan yana ƙara masa daɗi, ban sani ba. Na ga yana canza launi, ƙamshin yana laushi. Wanda zai gaya mana ɗanɗanon bai taɓa shanye kwalba ɗaya ba.

Sanyin shekarar da ta biyo baya aka kwantar da shi a asibiti. Na sauko daga Manchester na same shi da robar iska a hanci, ya rame, Yaya Binta ta fita salla. Na gaishe shi a daƙile, na zauna.

"Farfesa, har yanzu kana fushi?"

"Ina yi."

"Madalla." Ya huta, numfashin yana wuya. "Kar ka huce da wuri. Binta bai iya fushi ba, kuka kawai ya iya. Wani ya kamata ya yi masa."

Ina yi mata fushin, Yaya Mamudu. Duk lokacin da na ga Zainab ta dawo daga makaranta ta wuce kujerarka ba ta kalla ba, ina yi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka rantsuwar da ka kasa riƙewa, ya yalwata maka kabarinka. Ya ba yayata haƙuri, ya raya Zainab. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya in lokacin ya yi. Amin.