Ƙodar da Sabiru Ya Kai Abuja

Kafin abin ya same shi, Sabiru ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Babura. Mutumin Kanya Babba ne, can gidansa yake, can gonarsa take, amma da an gama girbi sai ya riƙa shigowa kasuwa neman na cefane. Ba shi da tsawo, sai faɗin ƙirji da kaurin wuya. Buhun geron da mutum biyu ke kamawa su aza wa ɗan dako, shi kaɗai yake sungumarsa ya hau katakon mota yana raha. 'Yan Nijar masu zuwa sari da sefa har cigiyarsa suke yi in lodi ya yi musu yawa.

Wa guda ɗaya gare shi, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Halliru. Tun Halliru yana ƙarami kawunsu ya ɗauke shi zuwa Kazaure ya sa shi a boko. Ya yi karatu, ya zama ma'aikacin gwamnati a Dutse, ya yi gida a Kazaure, ya auri Hajiya Muhsina. Ba gaba tsakanin wa da ƙani, amma ba shaƙuwa. Da salla Halliru kan zo Kanya da shinkafa da atamfa, ya gai da mahaifiyarsu Inna Batulu, ya tambayi Sabiru ya damina, ya juya kafin magariba.

Sai ciwon ƙoda ya kama Halliru. Aka yi ta kai shi Kano wankin ƙoda, har likitoci suka ce in ba dashe aka yi masa ba, wahalar ba za ta ƙare ba. 'Ya'yansa ƙanana ne. Aka gwada ƙanin Hajiya Muhsina, wani Jalaluddeen, jini bai zo ɗaya ba. Ba wanda ya tunkari Sabiru da maganar. Shi ne ya je dubiya Kazaure, ya ga wansa yana roƙon a ƙara masa ruwa ko da kurɓi ɗaya ne ana hana shi, ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

Matarsa Nafisat ce ta fara jin ya yanke shawarar ba wansa ƙoda ɗaya.

"Malam, da ƙarfinka muke ci a gidan nan," ta ce. "In aka yanka ka, wa zai ɗauki buhu?"

"Likita ya ce da guda ɗaya ma mutum yana zama lafiya."

"Likitan dako yake yi?"

Inna Batulu kuwa da ya faɗa mata, sai ta ce, "Ni ban sa ka ba, ban kuma hana ka ba. Ku biyun ni na haife ku. Allah Ya yi maka albarka."

Gwajin da aka yi a Kano ya nuna sun dace. Aka shirya aikin a wani asibitin kuɗi a Abuja, Hajiya Muhsina ta kama musu ɗaki biyu a wani otal a tsakiyar gari kusa da asibitin, irin manyan otal ɗin nan masu rassa a birane da yawa, ko'ina suna ɗaya, fenti ɗaya, har kayan ma'aikata iri ɗaya.

Sabiru bai taɓa wuce Kano ba. A bakin ƙofa aka cusa jakarsa cikin na'ura, mai gadi ya bi jikinsa da wani ƙarfe mai ƙara. Aka miƙo masa kati a maimakon mukulli, aka ce da shi ake buɗe ɗaki. Ɗakinsa a hawa na bakwai, jikin na Halliru da Hajiya. Gadon ya ishe shi da Nafisat da yaransu gaba ɗaya. Zanin gadon fari ƙal, da ya dubi fason ƙafarsa sai ya ja bargo ya shimfiɗa a ƙasa. Tagar gilashi ce daga sama har ƙasa, amma ba ta buɗuwa. Ba a jin kiran salla, ba kukan akuya, ba muryar kowa, sai gunjin na'urar sanyi da bai san inda ake kashe ta ba.

Mai gyaran ɗaki ce ta cece shi, wata Martha, 'yar kudancin Kaduna, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Ta tarar da shi da rana tsaka ya ƙudundune cikin bargo, ta yi dariya, ta nuna masa maɓallin rage sanyi, ta nuna masa 'yar kibiyar da aka manna a rufi mai nuna alƙibla, ta samo masa robar ruwa ya mai da ita buta.

"Malam, aiki ka zo yi a garin nan?" ta tambaye shi.

"A'a, aiki za a yi min."

Da ya yi mata bayani sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Allah Ya sa a yi a sa'a."

Sun ɗan kwana biyu a otal ɗin ana ta gwaje-gwaje. Da safe akan jera abinci a ƙasa cikin manyan kwanonin ƙarfe, kowa ya ɗebi abin da yake so. Halliru an hana shi kusan komai, amma yakan lallaɓo ya zauna gaban ƙaninsa.

"Aje cokalin nan ka sa hannu, ba wanda zai kama ka. Ƙaro ƙwai. Ci min nawa."

In Hajiya ta fita wajen likitoci, sai Halliru ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, su ja kujeru bakin taga suna kallon motoci a ƙasa kamar tururuwa. A nan suka yi hirar da ba su taɓa yi ba. Halliru ya ce ranar da kawu ya ɗauke shi, tun daga Kanya har Kazaure kuka yake, kuma ya yi shekaru yana ganin babansu ya ba da shi ne don ba shi da ƙarfin noma. Sabiru ya ce shi kuwa duk zuwan da Halliru zai yi hutu, takalmin makarantarsa yake ɗauka ya je bayan rumbu ya gwada. Suka yi dariya har tari ya sarƙe Halliru.

Ana gobe za a kwantar da su, bayan la'asar, Halliru ya rage murya.

"Sabiru, in zuciyarka ba ta kwanta ba, faɗa min yanzu. Zan ce wa Hajiya da Inna likita ne ya ga matsala a gwajin ƙarshe. Daga ni sai kai."

Gaskiya tsoro ya cika Sabiru. Amma ya ce, "Haba Yaya, bayan duk ƙwan da na cinye musu?"

"In na tashi ka bar dako. Injin niƙa zan kafa maka a Kanya."

"Ka dai tashi tukuna."

Aka yi aiki. Sabiru ya farka yana jin kamar an caka masa lauje a kwiɓin hagu. Aka ce masa an yi nasara, ƙodar ta kama aiki a jikin wansa. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi ya koma otal ya huta, da sharaɗin zai riƙa zuwa a duba ɗinkin. Halliru kuwa yana wani ɗaki da ba a shiga. Sau ɗaya Sabiru ya gan shi ta gilashi, Halliru ya ɗaga masa hannu.

Ya koma hawa na bakwai shi kaɗai. Yanzu kan gadon yake kwana, don ba ya iya sauka ƙasa. Hajiya takan leƙo da yamma ta ce jiki da sauƙi. Daga baya ta ce zazzaɓi ya ɗan taso wa Yayan nasa, amma likitoci suna kai. Sai ta daina leƙowa, in ya kira ba ta ɗauka.

Wata safiya ya lallaɓa ya sauka karin kumallo, hannu dafe da kwiɓi. Da ya dawo ya kara kati a ƙofa, sai ta kawo jar wuta. Ya sake karawa, ya goge katin da riga ya sake, ja dai. Ya waiga ya ga ƙofar ɗakin wansa a buɗe, an yaye zanin gado, Martha tana ciki tana shara.

"Malam, kana nan?" ta ce. "Ai wani mutum ya zo da sassafe ya kwashe kayan Hajiya. Na ɗauka tare kuka tafi."

Ta raka shi ƙasa wurin masu karɓar baƙi. Wani saurayi cikin kwat ya duba kwamfuta ya yi bayani da Turanci, Martha tana mayar masa da Hausa: ɗakunan biyu da sunan Hajiya aka kama su, wanda ya zo ya ce an gama da su, shi ya sa aka rufe katin. Suna cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Nafisat ce.

"Malam, sai haƙuri. Mun taho Kazaure da Inna. Kana cikin motar gawar ne, ko kana bayansu?"

"Wace gawa?"

Ya ji kukan mata a bayanta, sannan wayar ta katse.

Ya zauna kan wata doguwar kujerar fata a zauren otal ɗin. Wani kiɗa mai sanyi yana tashi daga rufi, mutane suna wucewa suna jan akwati, wasu masu taro suna gaisawa suna shewa. Ya yi ta maimaita innalillahi. Kuka ya zo masa, amma duk shessheƙar da zai yi sai ɗinkin ya ja, dole ya haɗiye.

Daga baya ne ya ji yadda aka yi. Kafin asuba Halliru ya cika. Hajiya Muhsina ta yanke jiki ta faɗi, sai Jalaluddeen ya ɗauki komai a kansa, shi ya nemi mota, shi ya kwashe kaya. Wani ya ce kada a faɗa wa Sabiru tukuna saboda ciwonsa, daga nan kowa ya ɗauka wani ne ke kula da shi. Sai da motar ta yi nisa aka tuna. Jalaluddeen ya kira yana ta ba da haƙuri, ya yi magana da masu otal aka sake buɗe katin, ya ce Sabiru ya zauna har likita ya sallame shi.

Sabiru ya hau sama, ya shiga, ya ɗauki jakarsa ya fito.

"Malam, ɗinkinka ɗanye ne," Martha ta ce. "Hanyar nan ba ta da kyau. Ka bari ko jibi."

"Ba zan ƙara kwana a ɗakin nan ba."

Da ta ga ba zai ji ba, ta riƙe masa jakar har bakin titi, ta tare masa tasi ta gaya wa direba tashar da zai kai shi. A motar Kano kowane rami sai ya ji shi har tsakiyar kansa. Kafin su kai Zariya gefen rigarsa ya jiƙe da jini. Ya isa Kazaure an daɗe da rufe Halliru. Washegari aka riƙe shi aka kai shi makabarta, ya durƙusa da ƙyar ya yi addu'a. Yana kallon ƙasar yana tunanin wani yanki na jikinsa yana ciki, an yi masa salla an binne.

Ciwon ya ruɓe saboda tafiyar. Ya yi makonni a kwance a asibiti kafin ya koma Kanya. Da Hajiya Muhsina ta fita takaba ta zo har gida, ta durƙusa gabansa tana kuka tana neman gafara. Ya ce ba ta yi masa komai ba. Takan aiko da abin da ya samu, amma jinya ta riga ta cinye mota da fili, ga marayu a gabanta. Maganar injin niƙa da shi kaɗai aka yi, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Da hatsin gida ya ƙare ya koma kasuwa, duk da an ce ya dakata. Buhunan farko ya sauke su lafiya. Ana cikin lodi ya ji wani abu ya ɓalle a kwiɓinsa, ya saki buhun ya zauna a ƙasa. Wurin ɗinkin ya turo waje kamar ƙaramar ƙwarya. Likita ya ce ƙaba ce, shi da ɗaukar nauyi har abada. Inna Batulu ba ta daɗe ba bayan haka. Tun rasuwar Halliru ta rage magana, in Sabiru ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai daga kwiɓinsa. Nafisat ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Ta fara tuyar awara a ƙofar gida, suka ba da rabin gonar aro don ba mai nome ta.

Yanzu in ka shiga kasuwar hatsi za ka same shi zaune kan tsohon buhu, da basilla da igiya, yana ɗinke bakin buhunan da wasu za su ɗauka. Ya rame, ya ɗaure cikinsa da ƙyalle a ƙarƙashin riga. Sababbin 'yan dako suna ce masa Baba, alhali bai kai shekarun ba. A daminar da ta wuce ciwon kai ya dame shi, aka auna aka ce jininsa ya hau, aka ce lallai ya je Kano a duba ƙodar da ta rage. Ya ce sai an yi girbi. An yi girbi, an sussuka, an kai rumbu. Kwanan baya Nafisat ta sake tuna masa yana ɗaura basilla a jaka.

"Malam, Kanon fa?"

"Kasuwa ta cika yanzu," ya ce. "Bari lodi ya lafa."