Shafin da Ya Buɗe a Cikin Ɗaki

A shekarar da kogi ya cika ya shafe mana shinkafar fadama na yi wannan tafiya, ni da taubashina Iro. A lokacin mun shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci na ƙauyenmu a Achika, dukanmu da furfura. Wata ƙungiya ce a Kano take kula da ajin, a can kuma ake jarrabawar ƙarshe, sau ɗaya a shekara. Ni ina iya jira. Iro ne ba ya iyawa, don likita ya gaya masa ciwon idonsa gaba yake yi, ba ya komawa baya. Burinsa ya zauna jarrabawar tun yana ganin layin takarda.

Malam Nura, malaminmu, ya tafi jinyar mahaifinsa ana saura mako biyu. Kafin ya tafi ya buɗe mini shafin ƙungiyar a wayata, na karanta da kaina: jarrabawa ranar Asabar. Ya ce, “Malam Habu, ku sake dubawa kafin ku kama hanya.”

A ƙauyenmu sai an hau tudun bayan makaranta ake samun sabis. Ranar Laraba da yamma ina ɗakina na taɓa shafin don gwaji, sai ga shi ya buɗe nan take. Asabar tana nan. Na ga wata ƙaramar kalmar Turanci a sama, amma mu Hausa muka koya, na bar ta.

Iro ya ce, “A cikin ɗaki? Wannan tafiya da albarka take, bawana.”

Na ce, “Wa ye bawan wani? Ni dai na hutar da kai hawan tudu.”

Juma'a, Wudil

Mun fito bayan sallar asuba a kan babur ɗaya, Iro a tsakiya, ni a baya riƙe da jakar kayanmu. Ranar kasuwa ce, hanya cike da shanu ana kora su kara. Mai babur yana ta ratsa su yana zagin wani bijimi da ya ƙi matsawa. Kafin hantsi mun shiga gari. Na kashe data don kada ta ƙare mini a hanya.

Mun sauka a shagon Alhaji Sule mai tukwane, abokin marigayi mahaifina. Bayan an gaisa an tambayi gida da gona, ya sa aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Da ya ji abin da zai kai mu Kano sai ya yi dariya.

“Ku da jikoki za ku je a ba ku maki?”

Iro ya ce, “Baba, bari in karanta maka abin da ke jikin motar can.” Ya ƙanƙance ido, ya daɗe, sannan ya karanta daidai. Alhaji Sule ya daina dariya, ya shiga ciki ya fito da fensir biyu sababbi ya ba mu. Bayan sallar Juma'a muka zauna bakin kogi muna bitar darasi a waya, shafukan da muka saba karantawa suna buɗewa ba jira. A zauren gidansa muka kwana.

Asabar, hanyar Kano

Motar farko muka shiga, bas mai cike da 'yan kasuwa da kwandunan busasshen kifi. Bayan gada aka tsayar da mu a shinge, direba ya sauka da takardunsa ya dawo yana ƙunƙuni. Iro kuwa duk hanya leɓensa sai motsi yake yi. A Mariri wata tsohuwa ta miƙa masa goro ta ce, “Malam, addu'a kake yi?” Ya ce, “Lissafi nake yi, Iya.”

Mun sauka a Unguwa Uku, muka hau adaidaita sahu zuwa ofishin. Ƙarfe takwas saura muka isa. Ƙofa a buɗe, amma ba kowa a harabar. Bencuna a jingine a bango, ƙafafunsu sama.

A ciki muka tarar da wata mata tana ɗaure takardu da zare. Hajiya Rabi sunanta, ita ce sakatariyar wurin. Muka yi sallama, na ce mun zo jarrabawa daga Achika.

Ta ajiye zaren. Ta ce, “Innalillahi. Bayin Allah, ai shekaranjiya aka yi. An dawo da ita Alhamis, an sa a shafi tun makon jiya.”

Na ciro waya na nuna mata Asabar da yatsana. Ta karɓa, ta kunna data, ta ja shafin ƙasa da babban yatsanta. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Ina kallo rubutun ya ɓace, wani ya fito. Ni na karanta wa Iro, don ba ya ganin ƙanana: Alhamis.

Ta ba mu kujeru, ta yi mana bayani ba tare da gaggawa ba. Ta ce duk shafin da mutum ya taɓa buɗewa, waya takan ajiye kwafinsa a cikinta. In ya sake nema sai ta miƙo masa na ajiyar, ba sai ta je nesa ta ɗauko ba. Shi ya sa yake buɗewa da sauri, kuma ba ya cin data. “Kamar randa ce a ƙofar ɗaki,” in ji ta. “Ta hutar da kai zuwa rijiya. Amma ruwan ranar da aka zuba ne a ciki. In akwai sabis, wayar takan leƙa ta gani ko an canza wani abu. In babu, abin da take da shi za ta ba ka.” Ta ce kalmar Turancin da na gani a sama gargaɗin ke nan.

Iro ya ce, “Hajiya, ba za a ba mu takardar mu yi a nan ba? Ga fensir ɗinmu.”

Ta ce tambayoyin sun riga sun fita gari, ba ta da ikon haka, sai baɗi. Idonta ya kawo ruwa. Iro ya gyaɗa kai ya ce ba komai, Allah ya saka da alheri. Ya miƙe ya laluba bakin ƙofa da hannu ya fita.

Komawa

A mota na daɗe ina juya wayar a hannuna. Na so in ji haushinta, na kasa. Duk daminar nan, ruwa na zuba, ba mai iya hawa tudu, da wannan ajiyar tata muka yi bitar darussanmu a ɗaki. Da ba ta ajiya, da ba mu kai matakin jarrabawar ba ma. Ba ƙarya ta yi mini ba. Abin da ta sani ta faɗa, ni kuma ban san ana tambayar ta ko na yaushe ne ba.

Kusa da gada Iro ya yi magana. Ya ce, “Bawana, ka koya wa 'yan aji wannan jan yatsan.”

Ban tanka masa a kan bawan ba ranar. Na ce to.

Mun isa Achika dab da magariba, muka gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Ina kuma gode wa Alhaji Sule da ya sauke mu, da Hajiya Rabi da ta bar aikinta ta fahimtar da mu. Ranar Litinin na kai ajin gaba ɗaya kan tudu, kowa ya ja shafi ƙasa da yatsansa har ya ga zoben yana juyawa.

Abin da tafiyar ta ci shi ne kwana biyu, da kuɗin mota, da fangali uku na albasata da suka bushe don ba a yi musu ban-ruwa ba. Ni na yi asarar shekara ɗaya, da baɗi ta zo na zauna na ci. Iro ya raka ni har ƙofar ɗakin jarrabawar, ina riƙe da hannunsa, ya jira ni a waje.