Tagar Rumbu Ta Ɓace Ana Gab da Rabon Iri

Har gobe ban manta da wata Litinin ta farkon damina ba, lokacin ina babban mai rubuta manhaja a wani ƙaramin ofis a Gusau. Mu ke kula da rajistar manoman Bungudu da Tsafe waɗanda za a raba wa irin shuka. Ga wanda bai san aikin ba, sunayen suna ajiye ne a rumbun bayanai. Mu kuma muna da manhajar da muke rubuta aiki a cikinta, a gefenta akwai wata taga da muke leƙa rumbun, mu duba, mu gyara.

Ranar Juma'a kafin mu tashi, manhajar ta nemi a sabunta ta. Na amince a kwamfutocinmu duka biyu. Ni na danna, ba wani ba.

Da safiyar Litinin na tarar abokin aikina Malam Sanusi ya riga ni zama. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam Bashir, zo ka ga wanga abu. Tagar rumbu babu ita."

Na kunna tawa, ita ma haka. Ga shi kuwa an shigar da sunayen mutanen ƙauyen Kekun Waje a ƙarƙashin garin Rawayya bisa kuskure, kuma ranar Laraba motar iri za ta fita. In ba a gyara ba, mutum zai sha layi a ce masa babu sunansa, shuka kuma ba ta jira.

Shugabar sashenmu, Hajiya Rabi, ta shigo ta tsaya a kaina. "Sunayen sun tafi ke nan?"

"Ban sani ba tukuna, Hajiya. Ki ba ni zuwa azahar."

Na fara da abin da ya fi tayar mini da hankali. Na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni da hannu, na nemi rumbun ya ba ni sunayen Rawayya. Sai ga su suna zubowa. Na yi hamdala. Bayanai na nan, hanyar shiga ce ta ɓace.

Malam Sanusi ya ce mu koma tsohuwar manhaja. Muka gwada, ta ƙi buɗe aikin, domin sabuwar ta riga ta sauya masa tsari. Na shiga jerin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa babbar, na ga ta rumbun tana nan, amma a kashe. Na kunna, na sake tayar da kwamfuta, ta kashe kanta. Sau uku ina yin haka har aka kira salla.

Bayan azahar Hajiya ta dawo. "Ba za ka gyara da hannu a baƙin allon ba?"

Na ce, "Zan iya, ranki ya daɗe. Amma harafi ɗaya in ya kuskure, sai in kwashe Rawayya duka in kai wani wuri. A tagar ina ganin kowane suna kafin in adana."

Ta ce, "To, gobe da safe iyaka."

Daga nan na daina cinke. Akwai fayil ɗin da manhaja ke rubuta duk abin da ya same ta lokacin tashi, dogo ne, ba mai son karanta shi. Muka ja kujera, muka bi shi layi-layi. Can wajen tsakiya Malam Sanusi ya ɗora yatsa a allo. "Mi wannan ke cewa?"

Ashe tagar ta dogara da wata ƙaramar manhaja, sabuntawar kuma ta bar ta a baya. Intanet ɗin ofis yana rarrafe, sai Malam Sanusi ya jona mana na wayarsa muka sauko da sabuwa. Ana kiran la'asar tagar ta dawo. Na ajiye kwafin rumbun tukuna, sannan muka mayar da mutanen Kekun Waje mazauninsu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba mota ta fita da takardun da suka dace.

Na je da kaina na gaya wa Hajiya cewa laifina ne. Tun daga ranar ba ma sabunta kwamfuta biyu lokaci guda, ba ma kuma yi ana tsakiyar aiki. Ku matasa, in abu ya lalace, ku fara karanta abin da na'ura ta rubuta kafin ku fara zato. Kuma kafin ku danna komai, ku tuna wanda zai ɗauki nauyin kuskurenku yana gona, bai ma san kuna nan ba.