Kunnuwan 'Yata a Cikin Jaka

Na saba zuwa Guangzhou ta ƙasar China sarin kayan yara da dogayen riguna a kasuwar Canaan, in kai shagona a Kano. Amma a tafiyar da na yi bara waccan, ba kaya ne a raina ba. Abin da ya kai ni yana cikin jakar hannuna, a wani ɗan gwangwanin alewa: na'urorin ji guda biyu na 'yata, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma dukansu a mace.

Sanƙarau ne ya cinye mata ji tana shekara biyu. Likita ya ce da saura, sai dai sauran bai isa ta kama magana ba. A nan Guangzhou na sayo mata na'urorin, a wani shago a Tianhe, unguwar da ake sayar da kayan lantarki. Mai shagon ya haɗa su da kwamfuta, ya saita su daidai da takardar gwajin kunnenta, ya sa mini wata manhaja a waya da nake ƙara murya ko in rage. Da su ta koyi kirana Umma. Da su ta shiga makaranta, har ta kai yayyenta suna korarta daga ɗaki saboda surutu.

Wata safiya ina shirya ta zuwa makaranta, manhajar ta ƙi buɗewa, ta ce sai an sabunta na'urorin. Ba ta ba ni zaɓi ba, wurin dannawa ɗaya ne, na danna. Wani layi ya fara cika a fuskar wayar, ya kai rabi ya tsaya. Sai wata 'yar jar fitila ta kama a jikin kowacce. Yarinyar ta taɓa kunnenta, ta dube ni, ta ce, "Umma, an ɗauke." Kamar wutar lantarki take nufi, tana jiran a dawo da ita.

Ba a dawo ba. Masu gyaran waya a Kano suka jujjuya su suka miƙo mini. A asibiti aka ce ba su da injin da ke magana da irin waɗannan. Kafin bizata ta fito watanni sun shuɗe, kuma a kan idona maganarta ta fara narkewa. Ƙarshen kalmomi ne ya fara zubewa, daga baya ta rage maganar gaba ɗaya.

A Xiaobei na sauka, inda mutanenmu suke sauka. Ɗaki ɗaya muka kama da wata Hajiya 'yar Maraɗi, dattijuwa mai sarin takalma, wadda ta daɗe tana zuwa har ta tsinci Sinanci na ciniki. Da safe ta same ni zaune a bakin gado na buɗe gwangwanin ina kallo.

Ta ce, "Ɗiyata, mi ne ne wannan kike kallo kamar gawa?"

Na gaya mata. Ta ajiye jakar da ta riga ta rataya, ta ce, "Takalma ba su gudu. Tashi mu tahi."

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Tianhe. Na gane benen, na gane hawan, na gane har kusurwar da shagon yake. Amma rigunan waya ne jere a wurin, da wata budurwa tana cin taliya a bayan kanta. Na nuna mata katin tsohon mai shagon. Ta kalla, ta girgiza kai, ta ce, "Meyo." Babu. Kalmar da na fi ji a kasuwa ke nan, ban taɓa jin ta ta yi mini nauyi irin na ranar ba. Hajiya ta bi maƙwabtan shagon ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce mutumin ya koma garinsu, wani ya ce bai san shi ba.

Aka kwatanta mana wani mai gyara a saman benen, wanda aka ce babu abin da ba ya buɗewa. Muka same shi a wani lungu da madubin ƙara girma a goshi. Ya karɓi na'urorin da hantsaki, ya buɗe ɗaya, ya daɗe yana gwadawa. Sannan ya yi magana a wayarsa, wayar ta juya mana da Turanci, ni kuma na juya wa Hajiya da Hausa. Ya ce batirin lafiya lau, abin ɗaukar murya lafiya lau, abin fitar da ita ma haka. Babu abin da ya karye. A cikin kowacce akwai wani rubutu da ke gaya mata yadda za ta yi aiki, shi ne aka goge rabinsa, sabon kuma bai gama shiga ba.

Na ce, "To, lawban, ka sake rubutawa mana." Lawban muke ce wa kowane mai shago a can, wato maigida.

Ya ce ba zai iya ba. Kamfanin ya kulle ƙofar da ake shigar da rubutun, su kaɗai ke da mabuɗin.

Wallahi na so a ce waya ce ta tsinke a ciki, ko ruwa ya shiga. Abin da ya karye na san ana ɗaure shi. Amma a ce komai lafiya lau, ga shi a tafin hannuna, ni na saya, kuma wani da bai taɓa ganin 'yata ba shi ke da ikon ya ce ta ji ko kada ta ji, wannan na kasa haɗiye shi. Mai gyaran bai karɓi komai ba. Ya rubuta mana adireshin ofishin kamfanin a bayan wani kwali.

Da la'asar maigidana ya kira ni ta bidiyo, ya miƙa wa 'yata wayar. Ta matso da fuskarta tana kallon bakina, tana ƙoƙarin karanta leɓena. Hoton yana tsayawa yana tafiya. Na ce mata na kusa dawowa. Ta buɗe baki, abin da ya fito ba kalma ba ce, wani sauti ne daga maƙogwaro, kuma na ga ita ma ta san ba daidai ya fito ba. Ta ture wayar ta gudu.

Maigidan ya ce, "Ban so in gaya miki ba sai kin dawo. Na daina kai ta makaranta. Jiya ta fita bakin titi, mai adaidaita yana ta danna hon ba ta juyo ba. Allah ne ya kiyaye, ya kauce ya faɗa kwata."

Na ce, "Alhaji, ku kulle ƙofar gidan."

Ya ce, "Mun kulle. Amma har yaushe?"

Washegari muka je ofishin kamfanin, yana can saman wani dogon bene, ƙasa shimfiɗe da kafet, sanyi kamar cikin firij. Wani saurayi mai ƙaramar kwat ya karɓe mu da fara'a, Turancinsa ya fi nawa. Ya duba lambar na'urorin a kwamfuta, ya ce wannan samfurin an daina shi, kuma sabuntawar ba don irinsa aka yi ta ba, kuskure ne ya sa ta iso wayata. Ya ba ni haƙuri. Ya ce suna da sabon samfuri mai kyau, sai dai dole a kawo yarinyar a gwada ta a nan, kuma da lambar wayar China ake yi masa rajista.

Na ce, "Yarinyar tana Kano. Kuma idan na sayi sabon, shi ma wata safiya zai ce a sabunta shi?"

Ya ce duk na zamani haka suke.

Na ce, "Ba sabo nake nema ba. Mabuɗin da ke hannunku nake roƙo. Ku buɗe, ku mayar da abin da kuka goge."

Ya ce ba sashensa ba ne. Ya sake ba ni haƙuri, ya miƙe tsaye, alamar an gama.

Ban san lokacin da na zame daga kujerar na zauna a kan kafet ba. Ni da ko a kasuwa ba na ɗaga murya, na ce ba zan tashi ba. Hajiya ta tsaya a kaina tana faɗa, Hausa da Faransanci da Sinanci duk a haɗe, tana nuna gwangwanin tana cewa kunnuwan yarinya ne a ciki. Mai gadi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai san ta inda zai fara ba.

Lokacin cin abincin rana ne, ma'aikata suna fitowa suna ratse mu. Wata mata mai gajeren gashi, da kwanon abincinta a hannu, ta tsaya ta tambayi saurayin. Ya yi mata bayani. Ta durƙusa kusa da ni ta karɓi gwangwanin. Sai na buɗe wayata na nuna mata wani tsohon bidiyo, 'yata tana karanta Fatiha da muryarta tangararau, sannan na nuna mata wanda aka ɗauka kwanan nan. Ta kalli duka biyun har ƙarshe. Ta ce ita tana cikin waɗanda suka yi aiki a kan wannan samfurin tun farko. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce in bar mata su, za ta duba ko tsohon akwatin da ake jona su yana nan a wani wuri.

Barin su a hannunta ya fi komai wuya. Na fito da jaka ba nauyi. Kwanakin da suka biyo baya na je Canaan, na zaɓi kaya ban san me na zaɓa ba, daga baya a Kano na tarar da riguna masu kauri na sanyi a cikin dilar. Kullum da rana ina komawa benen nan, a ce matar tana taro, ko ba ta shigo ba. Hajiya ta gama sarinta ta tafi. Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi ta zuwa, ɗiyata. Su gaji da ganinki." Bizata ta kusa ƙarewa, na daina iya cin abinci sai shayi.

Ana jibi zan tashi matar ta sauko da kanta. Ta zaunar da ni, ta ɗora na'urar kunnen hagu a tafin hannuna, ta naɗe yatsuna a kanta. Sai na ji wani siririn fito yana fita ta tsakanin yatsun, irin wanda na'urar ke yi idan an rufe ta tana aiki. Na fashe da kuka a gaban mutane.

Ta jira na lafa, sannan ta ce ta dama ta ƙi. Ta gwada har ta gaji, na'urar ta kulle kanta yadda su ma ba su iya shiga. Ta hagun kuma tsohon rubutun ta mayar mata, amma saitin kunnen yarinyar ya tafi. Nan take na kira maigidana ya ɗauko hoton takardar gwajin ya turo, ta hau sama da ita ta saita. Da ta dawo ta karɓi wayata, ta goge manhajar a gabana, ta ce kada in sake haɗa su har abada. Hakan na nufin ba zan ƙara iya ƙara murya ko ragewa ba. Yadda na'urar take yau, haka za ta zauna har ta mutu.

Na isa gida ana sallar azahar. Na maƙala wa 'yata na'urar a kunnen hagu, daidai lokacin maƙwabcinmu ya tayar da janareto. Ta ƙwalla ihu, ta fizge ta ta jefar, ta shige bayan ƙofa. Sai da muka yi ta lallashi, kaɗan kaɗan a ɗaki shiru, kafin ta yarda ta bar ta a kunne. Kalmomi da yawa sun dawo. Wasu har yanzu da nauyi suke fitowa. Ta koma makaranta, tana zama a gaba ta gefen dama, don kunnen hagun ya fuskanci malama.

Yanzu duk Asabar muna zuwa wurin wata malama mai koyar da maganar hannu, ni da ita da yayyenta da babansu. Ita ta fi kowa saurin ɗauka. Babanta ne na baya, yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa, sai ta kama su ta gyara masa tana harararsa.