Koren Batir da Gaiwar Iya

Ɗakin Iya, kakata ta wajen uba, ya fi kowane ɗaki hayaƙi a gidanmu, kuma shi muka fi so. Ƙauyenmu yana bakin dajin Falgore. Idan damina ta yi nisa masara ta nuna, da an idar da magariba sai Iya ta hura wuta a tsakar ɗaki, mu jikoki mu kewaye ta. Ita ke gasawa, ita ke rabawa, kuma ba ta taɓa raba daidai ba: wanda ya fi iya sauraro shi ke samun babba. Ni Hindatu, da yake bakina ba ya rufuwa, kullum ƙarama ce rabona, kuma har yau ban gama yafewa ba.

A gidanmu batir ba ya mutuwa sau ɗaya. Idan ya yi sanyi, mahaifiyata, Inna, ta shanya shi a rana, ya ɗan farfaɗo kwana biyu. Idan ya sake yin sanyi, a ɗan bubbuga shi da dutse. Sai ya ƙi sarai sannan a jefa shi cikin tsohon kwano a bayan rumbu. Daga nan mu 'yan firamare ke kwasa, domin duk Juma'a ana fasa su a kwaɓa baƙin garin da ke ciki, a shafe allon aji da shi.

Ina aji huɗu Kawu Sale, ƙanen Inna mai tuƙin babbar mota, ya kawo wa Baba wasu korayen batura guda uku daga Legas. Ya ce waɗannan ba a yar da su. Idan sun ƙare, a kai su inda akwai wutar lantarki a yi musu caji. Sai Baba ya ajiye abin cajin wurin wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada, duk ranar kasuwa ya hau keke ya kai su. Da rana suna cikin rediyo, da yamma a zare su a sa a tocilar da yake tafiya da ita gadin gona, saboda aladun daji da ke shigo wa masara.

Wata rana Baba ya tafi suna, rediyo ya yi shiru. Inna ta yi abin da hannunta ya saba: ta zare baturan ta shanya su. Ba su ce uffan ba, ta watsa su kwanon bayan rumbu. Can na tsince su. Na san na Kawu ne, ba zan yi ƙarya yanzu da furfurata ba. Amma makon da ya wuce Talatu 'yar ajinmu ta kai batir biyar, Malam ya yi ta yabonta har abin ya tsaya mini a wuya. Na auna nauyin korayen a hannu, na ce lallai baƙinsu ya fi yawa, na cusa su a jakar makaranta.

Da Baba ya dawo ya tashi nema, Inna ta faɗi inda ta zuba su, aka duba babu. Ya tara mu ya tambaya, na ce ban gani ba. A daren nan da fitilar ƙwai ya tafi gona, iska ta kashe ta, aladu suka cinye masa kusurwa guda. Masarar nan kuwa ita ce abincinmu kafin dawa ta nuna, ga shi ko a Tudun Wada ba a sayar da irin baturan. Washegari Alhamis ce. Idan gari ya sake wayewa, dutse zai hau kansu.

Da yammar Alhamis ɗin na zauna a ɗakin Iya kamar an ɗinke mini baki. Ta dube ni ta gefen ido, ta zaɓi masara mafi girma ta miƙo mini.

“Yau ƙawata ta ci babba,” in ji ta. “Ko dai bakin ma an zuba shi bayan rumbu ne?”

Yara suka yi dariya. Iya ta gyara icce, ta ce, “Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri.” Muka amsa, “Ta shigo ta zauna.”

Ta ce an yi wani gari da fari ya kama, rijiyoyi suka ƙafe. Wasu mata biyu masu ginin tukwane suka je haƙar yumɓu a busasshen tafki, kowacce ta tono gaiwa, kifin nan da ke kwanciya cikin laka, ta bushe kamar guntun icce. Ta farko ta ce matacciya ce, ta kai gida ta daka ta a turmi, ta zuba a miya, suka shanye a zama ɗaya. Ta biyu ta juya tata, ta sake juyawa, sai ta sa ta a kasko, ta zuba mata ragowar ruwan da ta rage wa kanta.

“Mutane suna ta yi mata dariya,” in ji Iya, “wai ta shayar da gawa. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. A na uku sai gaiwa ta motsa jela, ta ce, baiwar Allah, ni ban mutu ba, ƙishi ne ya kwantar da ni. Ɗauke ni in nuna miki inda ruwa ya ɓuya.”

Matar ta ɗauke ta, gaiwa na cewa bi nan, bi can, har gindin wani ɓaure. Aka haƙa, ruwa ya ɓulɓulo, gari duka ya sha, har da mai turmi.

“Ita wadda ta daka tata fa?” na tambaya.

“Ta sha ruwa, ba a hana ta ba. Amma abin da ya shiga turmi ba ya fitowa, ƙawata. Wanda bai shiga ba tukuna, shi ke da sauran magana.” Ta kakkaɓe hannu. “Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka.”

Na kasa cin masarar. Na tashi na ɗauko jaka, na zazzage baturan a gaban Iya, na fashe da kuka. Ta ƙulle su a bakin zanenta ta kai wa Baba da kanta. Abin da ta gaya masa ban sani ba, amma ban sha duka ba. Da sassafe ya hau keke ya kai su caji Tudun Wada, ko ranar kasuwa bai jira ba. Da yamma ya kunna tocila ya haske fuskata, ya ce, “Ga gawarki ta tashi.” Masarar da ta rage ta kai mu har kaka.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar ta batir ce kawai, Iya ta ƙirƙira ta don ta kama ɓarauniya ba tare da ta kunyata ta ba. Sai bayan rasuwar Inna na gane sauran. Muka ɗauko Baba muka kawo shi gidan yayana a Kiru don ya huta. Ya daina magana, ya daina jin rediyo, yini guda yana kallon bango. 'Yan uwa suka fara cewa tsoho ya ƙare, sai dai addu'a. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushinsu, domin na taɓa jin irin wannan maganar a bakin mai turmi.

Da damina ta zauna na matsa aka sa shi a mota muka koma ƙauye. Na shimfiɗa masa tabarma a bakin tsohuwar gonarsa, wadda ɗan ƙanensa ke nomawa. Ranar farko bai ce komai ba, ta biyu ma haka. A ta uku ya daɗe yana kallon masara, sai ya nuna da sanda.

“Wane ragon ne ya yi wannan huɗar?”

Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Ya yi ta yi har rana ta yi sanyi, ina gefe ina dariya ina share hawaye. Da muka tashi tafiya gida ya tsaya, ya waiwayi kusurwar da ke kallon daji.

“Hindatu,” ya ce, “tocilar nan taki mai caji, ta cika? Ki bar mini ita. Yaran nan ba su san ta inda aladu ke shigowa ba.”