Ranar da Inna Siu-kim ta taje wa Uwar Teku kai

Inna Siu-kim, ƙanwar mahaifiyata, ta shekara talatin da takwas tana sayar da miyar kifi a bayan tsohon haikalin Uwar Teku, allahiyar masunta, da ke birnin Tainan na Taiwan. Kullum da safe takan kunna turare a bakin ƙofa, ta sunkuya sau uku, ta koma kan tukunyarta. Can ciki kuwa ba ta taɓa shiga ba. Cewa take yi ƙarnin kifi ya kama mata hannu.

Duk shekara, kafin bikin haihuwar Uwar, akan zaɓi mace ɗaya ta sake wa gunkinta riga, ta taje mata kai. Ba mutum ke zaɓa ba. Sai a kira suna, a jefa itatuwan ƙuri'a biyu a ƙasa. In ɗaya ya kife ɗaya ya kalli sama, Uwar ta amince.

A shekarar da Inna ta cika sittin, an kira mata goma sha bakwai, duk aka ƙi. Tsoho Kho, mai kula da haikalin, ya leƙo ta taga ya hango ta tana yanka albasa. Da wasa ya kira sunanta, ya jefa. Aka amince. Ya sake har sau biyu, amsa ba ta canja ba.

"Siu-kim, ajiye wuƙar nan, ana kiranki."

"Haba Yaya Kho, tsufa ne ko giya? Shinshina hannun nan ka ji."

"Uwar ma fa 'yar masunta ce. Ke ce za ki koya mata ƙarnin kifi?"

Kwana uku ba ta ci nama ba don tsarkake kanta. Ran nan ni na riƙe mata kwanon ruwan furanni har bakin labule, ta shiga ita kaɗai. Ta gefen labulen na hango fuskar Uwar, baƙa ƙirin, hayaƙin turaren shekara ɗari uku ya rine ta. Da aka sauke hular zinariya sai gashi ya zubo har kugu, gashin gaske, na matan da suka yanke nasu suka bayar tun kafin a haifi kakanninmu. Inna ta ɗaga mataji. Na ji tana raɗa: "Sannu Uwa, in na ja da zafi ki yi haƙuri."

Washegari ta koma rumfarta. Muna wanke kwanuka ta ce, "Akwai furfura a ciki, kin sani? Wata tsohuwa ma ta ba da nata."

Shekara tara a jere ƙuri'a na faɗawa kanta. A ta goma aka zaɓi wata malamar makaranta. Inna ta zaunar da ita a rumfa, ta zuba mata miya, ta kwance nata kan, ta miƙa mata mataji ta ce, "Gwada a nan tukuna. Daga ƙasa ake farawa."